Sashen ƙasa a sabon bene a Garwa: ta yaya zan gane ko ƙara za ta hana mu barci kafin in biya?

Baban Ihsan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da waɗanda suka taɓa zama a ƙasan bene. Akwai wani sabon bene mai hawa uku a nan Garwa, ta wajen Rumde Ajiya, ana sayar da shi sashe-sashe. Na ƙasa nake so, ɗaki uku da falo, saboda Hajiyarmu za ta zauna tare da mu kuma gwiwoyinta ba sa ɗaukar matakala. Fenti, tayil, famfo, duk na gani na yaba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙara. Hajiya barcinta ba nauyi, motsi kaɗan ta farka, in ta farka kuma sai asuba. Da na shiga gidan tsit yake, amma ai babu wanda ya tare tukuna. Mai sayarwa ya ce min ginin Turawa ne, ba a jin komai. Ta yaya mutum zai auna wannan magana? Da haya ce, in ba ta yi ba sai mu tashi. Wannan saye ne, kuma da bashin banki a ciki.

Maman Sadiya:
Wa alaikumus salam. Baban Ihsan, Allah ya yi maka albarka da ka sa barcin tsohuwa a gaba. Ni na yi zaman haya a ƙasan bene a Pumpumre, kuma ba ƙarar titi ce ta fitar da mu ba, ta sama ce. Mutanen kirki ne wallahi, ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Amma in matar gidan ta ɗora turmi a kan tayil ta fara dakan yaji, har cokulan da ke cikin kwandona motsi suke. A ja kujera, a taka da takalmi mai tsini, yaro ya saki murfin tukunya, duk a kanmu yake sauka. Wanda ya fi ci min rai shi ne ruwa. Bututun bayan gidansu ta bangon ɗakin kwananmu ya sauko, duk wanda ya tashi cikin dare a sama mun sani. Kada ka sake ka koma duba gidan nan kai kaɗai. Ka ɗebi mutane ka tura su sama, kai ka zauna a ƙasa ka kasa kunne.

Injiniya daga Marwa:
Maman Sadiya ta faɗi rabin maganar. Ƙara a cikin gini iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wadda iska ke ɗaukowa, wato magana, talabijin, kukan jariri, hon ɗin kilando, wato babur ɗin haya. Wannan nauyin bango da toshe kafofi ne ke tare ta. In ka ninka nauyin bango, kana samun ragin desibel 5 zuwa 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Amma ƙaramar kafa tana iya ɓata duk aikin bango mai kauri, don duk inda iska ta bi, sauti ma ya bi.

Akwai kuma wadda jikin ginin ne ke ɗaukowa: taku, daka, jan kujera, buga ƙofa, injin da aka ɗaure a bango. Wannan nauyi kaɗai ba ya isa, saboda siminti da ƙarfe suna kai bugu nesa. A buga guduma a hawa na uku, na ƙasa zai ji ta ginshiƙai. Maganinta shi ne a raba tayil da dal, wato kankaren da aka zuba tsakanin hawa da hawa. A shimfiɗa wata roba mai laushi da aka yi don wannan aiki, a zuba siririn daɓe a kanta, sannan a ɗora tayil, kuma kada daɓen ya taɓa bango ta ko'ina. A yawancin gine-ginenmu kai tsaye ake manna tayil a kan siminti. Ka kuma lura, a gidan na sama ake yin wannan aiki, ba a naka ba. In an riga an gama, kai na ƙasa ba ka da iko a kai.

Shi kuma da ya ce maka ginin Turawa ne, to Turawan da lamba suke magana. A Faransa dokar 30 ga Yuni 1999 ta ce tsakanin gida da gida dole a rage ƙarar iska da aƙalla desibel 53 a ɗakunan zama, ƙarar bugu da ke saukowa daga sama kada ta wuce 58 idan aka gwada da injin gwaji, bangon waje da tagoginsa kuma su rage aƙalla 30. Daga 2013 ma sai mai gini ya miƙa takardar shaida cewa ya kula da waɗannan ƙa'idoji. Ba na ce ka nemi wannan a Garwa ba. Amma ka tambaye shi abu uku kawai: wane irin dal aka zuba kuma kaurinsa nawa, bulo mai kaurin santimita 15 ne ko na 20 tsakaninka da maƙwabci, an sa wani abu ƙarƙashin tayil ɗin sama ko ba a sa ba. Wanda ya san gininsa a tsaye zai ba ka amsa.

Baba Magini na Yelwa:
Injiniya, gaisuwa. Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka bari mu da hannunmu ke cikin siminti mu ƙara. A takarda za a rubuta bulo na 20, kuma in ka auna 20 ɗin ne. Sai dai bulon da aka ƙwari siminti aka cika yashi ba shi da nauyi, in ka murza da yatsa zubewa yake. Simintin Figil ba shi da laifi, mai son riba ne ke jan buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Sannan yaran da ake ba aiki da kwangila suna sauri, su zuba kwaɓi a kwance su bar tsakanin bulo da bulo a tsaye fayau. Filasta ce ke rufe wannan asiri. In ita ma an yi ta siririya, to za ka ji hirar maƙwabcinka har da wanda ya yi dariya.

Ɗana, ga abin da za ka yi. Ka ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninku da gwiwar yatsa, wurare da dama. Bango mai kyau amsarsa gajeriya ce, a dushe. In ka ji yana amsa kuwwa, ka yi shakka. Ka sa a cire murfin soket ɗaya na wannan bangon, a kashe wuta tukuna, ka haska da fitilar waya. Masu wayarin suna son su huda rami ɗaya su sa soket biyu baya da baya, ɗaya a ɗakinka ɗaya a na maƙwabci, don sauƙin aiki. In haka ne, tsakaninku ba bango a nan wurin, roba ce kawai. Ka ɗaga kai ka duba inda bango ya haɗu da dal, nan ma ana barin rata a rufe da fenti.

Maganar dal kuwa, mafi yawan abin da muke zubawa a nan na urdi ne, 16 da 4, wato bulon urdi mai rami santimita 16, sai siminti santimita 4 a sama. Yana ɗaukar kaya lafiya lau, ba maganar faɗuwa nake ba. Amma bai kai dal cikakke nauyi ba, in aka taka shi amsawa yake kamar ganga.

Injiniya daga Marwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar soket baya da baya ni ma na sha gani. Baban Ihsan, ka riƙe ta da kyau, don tana daga cikin abubuwan da ake gyarawa da ɗan kuɗi kaɗan.

Kawu Mai Shago:
Ni fa ina ganin kun tsananta. Mu da muka tashi a gidan yawa, ɗaki jikin ɗaki, ga dabbobi a tsakar gida, ga injin markaɗe a ƙofa, barci muke har da minshari. Birni ai ba a raba shi da hayaniya. Ɗana, in gidan ya yi maka kuma takardunsa sun cika, ka saya kafin wani ya riga ka. Gida a Garwa ba sauka yake ba. Kunne yana sabawa, kuma zama da mutane sai haƙuri.

Maman Sadiya:
Kawu, da girmanka, gidan yawa daban ne. A gidan yawa babu wanda ke tafiya a saman kanka, kuma bangon ƙasa mai kauri ya fi bulon yanzu riƙe sauti. Sannan duk wanda ke gidan ɗan'uwanka ne, in ya dame ka sai ka ɗaga murya ka ce a rage. A bene baƙo ne, ya biya kuɗinsa kamar yadda ka biya. Za ka hau ka ce wa matar mutum kada ta daka yaji a gidanta? Ni na kasa. Haƙurin da na yi ta yi shi ya koma min ciwon kai.

Kawu Mai Shago:
To ai shi ke nan, kin yi haƙuri kin sami lada.

Ma'aikaciyar jinya:
Kawu, ka yi min afuwa in sa baki. Gaskiya ne mutum yana sabawa har ya daina lura, amma jiki ba ya sabawa yadda ake zato. Mai barci in ƙara ta taso, bugun zuciyarsa na ƙaruwa, barcin ya yi sama-sama ko da bai buɗe ido ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 1999 ta ce don a sami barci mai kyau, ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana kada ta wuce desibel 30, wadda ke zuwa farat ɗaya kuma kada ta wuce 45. Kuma an daɗe da danganta yawan hayaniyar dare da hawan jini da ciwon zuciya. Tsofaffi dama barcinsu ya riga ya ragu. Baban Ihsan bai tsananta ba, hakkin mahaifiya yake dubawa.

Kawu Mai Shago:
Na ji, 'yata. In don Hajiya ne ban ja ba. Ni dai tsorona kada a yi ta aune-aune har gidan ya kuɓuce.

Mai Famfo:
Ni bututu kawai zan yi magana a kai, don shi na sani. Na ƙasa shi ke karɓar ruwan kowa. Duk abin da aka zuba a hawa na uku da na biyu ta wurinka zai wuce, kuma a ƙasa ne bututun ke lanƙwasa ya nufi rami. A wannan lanƙwasar ruwan ke bugawa da ƙarfi, don ya taho da nauyinsa daga sama. Bututun roba siriri da muke sawa ba ya ɓoye komai. In an binne shi cikin bangon ɗakin kwana, ka shiga uku, don bangon gaba ɗaya ne zai riƙa amsawa. In a waje yake jikin bango, ko a cikin akwatin da aka gina masa ta ɓangaren banɗaki, da sauƙi.

Gwajin ba wuya. Mutum ɗaya a kowane hawa, su ja ruwan masai, su sake shawa, su cika bokiti su juye. Kai kuma ka bi ɗaki-ɗaki ka sa tafin hannu a bango. In ruwa bai iso gidan ba tukuna, a hau da jarka. Kada ka yarda a ce maka sai an tare.

Sannan ka tambaya ina za a ajiye injin tura ruwa zuwa tanki. Yawanci ƙarƙashin matakala ake cusa shi, jikin bangon na ƙasa. In an ɗaure shi a kan daɓe ba roba a ƙafafunsa, duk lokacin da ya tashi za ka ji gurnaninsa a cikin gado.

Ɗan Injamena:
Salam daga wannan gefen kogi. Ku duk sama kuke kallo, ni kuwa waje zan nuna masa. Sashen ƙasa shi ne maƙwabcin duk abin da mutanen bene ba sa so kusa da su. Babbar ƙofar ƙarfe da ake bugawa har tsakar dare, wurin ajiye motoci da babura, bencin maigadi da abokan shayinsa, gurup ɗin wuta, wato janareto. A inda nake, ɗakin gurup taku kaɗan ne daga tagarmu. In aka ɗauke wuta, na sama suna jin daɗin fanka, mu muna shan hayaƙi da ƙara. Wanda zai fita da asuba kuma sai ya tsaya yana ɗumama babur a bakin taga.

Wani abu kuma da nake so Injiniya ya yarda da ni. Duk lissafin taga mai kyau a rufe ake yin sa. To a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, in wuta ta tafi wa zai rufe taga? Za ka buɗe ne dole. Don haka abin dubawa na farko shi ne ina tagar ɗakin kwana ta fuskanta. Ɗakin da ke kallon bayan ginin da tagar banza ya fi wanda ke kallon titi da taga mai tsada.

Ka kuma ɗaga kai daga waje ka ga inda aka tanada don injinan sanyaya ɗaki na hawan sama. In a saman tagarka za a jera su, ga ƙugi ga ɗigar ruwa. Kuma tunda ƙasa ce, ka duba tsayin dakalin gidan daga titi. Mu nan ambaliyar 2022 ta koya mana, ku ma kuna da kogin Binuwai. Wannan ba maganar ƙara ba ce, amma ba zan iya yin shiru a kai ba.

Injiniya daga Marwa:
Na yarda ɗari bisa ɗari, ɗan'uwa. Wurin da ɗaki yake ya fi komai, don shi ne ba a sake shi. Amma kada a raina taga. Nako, wato tagar nan mai jerin faifan gilashi da ake karkatawa, kusan ba ya tare komai ko a rufe. Tagar alminiyam mai zamiya ta fi shi, sai dai dole a bar mata rata don ta zame, kuma ta nan sauti ke shiga. Wadda ake turawa ta rufu a kan roba ita ce ke toshewa sosai. Gilashi mai kauri ya fi siriri. Gilashi biyu ma ba kullum ne yake nufin shiru ba, in dukansu sirara ne kuma kaurinsu ɗaya ribar ba ta da yawa, an fi samun amfani in ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ƙofar shiga ma haka, in kana ganin haske ta ƙarƙashinta, duk mai hawa matakala a falonka yake magana.

Uwar Biyu:
Maza duk kuna maganar ƙarar da ke shigowa. Ni wadda ke fita ce ta fi damuna. Bangon da ya shigo maka da maganar wani, shi zai kai taka. A ƙasa tagarka daidai kunnen mai wucewa take. Maigadi, mai jiran kilando, yaran da ke wasa a tsakar gida, duk suna jin abin da ake faɗa a ɗaki. Magana tsakanin miji da mata, faɗan da za ka yi wa ɗanka, lissafin kuɗi a waya. Baban Ihsan, ka tafi da Maman Ihsan. Ta shiga ɗaki ta rufe ta yi magana yadda ta saba, kai ka tsaya a waje inda mutane za su riƙa tsayawa, ka tsaya a matakala, ka shiga sashen da ke jikinku. In kana gane kalmomin da take faɗa, to sirrin gidanka a waje yake. Ita ce za ta wuni a gidan, ka ji ta bakinta.

Maman Sadiya:
Yaya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Sai da muka koma yin raɗa a ɗakinmu.

Ɗalibi a Ngaundare:
Don Allah tambaya. Waɗannan manhajojin waya masu auna desibel, ana iya dogara da su? Kuma na ga masu situdiyo suna manna kwalin ƙwai ko soso a bango, in gidan bai yi ba ai sai ya yi haka.

Injiniya daga Marwa:
Ƙanena, waya ba na'urar awo ba ce, lambar da za ta ba ka tana iya kaucewa da desibel da dama, musamman a ƙarar da ke ƙasa-ƙasa irin ta gurup da manyan motoci. Amma tana da amfani wajen kwatanta. Waya ɗaya, wuri ɗaya, taga a buɗe sannan a rufe. Ko rediyo a kunne a ɗakin maƙwabci, ka auna can ka dawo ka auna nan. Bambancin shi ne abin dubawa. Ka riƙe cewa ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an rage ƙarar da rabi, ragin 3 kuwa da kyar ake lura.

Kwalin ƙwai da soso ba sa tare ƙarar maƙwabci. Aikinsu shi ne rage amsa kuwwa a cikin ɗakin da suke. Labule da kafet da kujeru ma haka. Shi ya sa nake so Baban Ihsan ya bambanta abu biyu: gidan da babu kaya dole muryarka ta yi ta yawo a ciki, wannan kada ya tsorata ka, kaya za su gyara. Abin da ke ratsowa ta bango da dal kuwa kaya ba sa gyara shi. Abin da ake iya yi daga ƙasa shi ne a rataya silin na biyu da audugar gilashi a ciki, a kan maƙalai masu roba. Yana ragewa, amma ba ya kashewa, don bugun yana zagayowa ta bango da ginshiƙai. Kuma yana cin tsayin ɗaki, a garin da ake neman iska.

Akawu a ofishin notar:
Bari in kawo ta ɓangaren takarda. A Kamaru cinikin gida mai takardar mallaka a gaban notar ake yin sa, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida irin wannan yarjejeniya, kuma akwai dokar 21 ga Disamba 2010 da ta tsara mallakar gini ɗaya tsakanin mutane da yawa. A irin wannan gini akwai kundin ƙa'idojin zama wanda ke faɗin abin da kowa ya mallaka shi kaɗai, abin da aka haɗa, da abin da za a iya yi da kowane sashe. Ka nemi wannan kundin ka karanta kafin ka sa hannu. Abin da za ka fi dubawa shi ne sauran sassan ƙasa: na zama ne kawai, ko an yarda a mayar da su shago? Yau babu kowa, gobe ka wayi gari da wurin kallon ƙwallo ko mai walda a jikin ɗakin Hajiya. Akwai dokar hana damun jama'a da ƙara ta 2011, amma kai ƙara da zirga-zirgar ofisoshi bayan ka riga ka tare wahala ce. Duk alkawarin da mai sayarwa ya yi maka, sauya taga ne ko matsar da inji, a rubuta shi cikin yarjejeniya da ranar gamawa, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an yi.

Ɗan Injamena:
Kuma ka je da dare, ka je da asuba, ka je ranar da ake wasa a filin Rumde Ajiya. Ka zagaya unguwar da ƙafa ka ga ko akwai wurin biki, mashaya ko injin niƙa. Ka tambayi mai shayin bakin layi, shi ba ya da gidan sayarwa.

Baban Ihsan:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kuka ce. Na ɗebi ƙannena da yara da Maman Ihsan, har da ƙaramin turmi muka sa a mota. Mai sayarwa ya ɗan ɓata rai da ya ga tawagar, amma ya ba da makullai.

Bangon da ke tsakaninmu da sashen gefe ya yi kyau. An kunna rediyo da ƙarfi a can, ina jin alamarsa amma ba na gane magana. Soket ɗaya ne a falo muka samu baya da baya, kamar yadda Baba ya faɗa. Daga sama kuwa labari ya sha bamban. Magana ba ta saukowa, amma jan kujera da gudun yara a fili nake jin su, turmi kuma ba a magana. Ya tabbatar min dal ɗin 16 da 4 ne, kuma ba a sa komai ƙarƙashin tayil ba. Bututun ruwa ta kusurwar ɗakin gaba ya sauko, wanda na so in ba Hajiya saboda yana da banɗaki a ciki. Da aka juye bokiti a hawa na uku, Maman Ihsan da ke falo ma ta ji. Ɗakin baya shiru ne, tagarsa katanga take kallo, amma banɗakinsa a waje yake. Injin ruwa yana ƙarƙashin matakala jikin falo. Da dare a ɗakin gaba wayata ta nuna wajen 58 taga a buɗe, 46 a rufe. Maganar Uwar Biyu ma ta fito, daga wurin ajiye babura ina jin duk abin da ake faɗa a wannan ɗakin.

Abu ɗaya da ban zata ba: sashen da ke samanmu ba a sayar ba, kuma falo da kicin kawai aka sa wa tayil. Ɗakunan kwanan an bar su sai mai saye ya zaɓi irin wanda yake so.

Kawu Mai Shago:
To ka ga yanzu kana da abin ciniki a hannu. Duk aibin da ka lissafa kuɗi ne, ka sa ya rage. A nan na fi ku sani.

Injiniya daga Marwa:
Kawu ya yi gaskiya, amma ni da ragi gara aiki. Bambancin 12 tsakanin buɗe da rufe ya yi kaɗan, taga mai rufuwa a kan roba za ta ba ka kusan 20 ko fiye. Taga, soket, ƙasan ƙofa, roba a ƙafafun injin ruwa da guntun tiyo mai laushi tsakaninsa da bututu, duk waɗannan ƙananan aiki ne. Bututun kusurwa a naɗe shi da audugar gilashi a gina masa akwati mai nauyi wanda bai taɓa shi ba. Ɗakunan saman nan da ba a sa wa tayil ba kuwa, wannan dama ce da ba za ta dawo ba. Ka nemi a shimfiɗa robar kafin tayil, ko da kai za ka biya kuɗinta, tunda ɗakunan kwanansu a saman naku suke. Falo da kicin sun riga sun wuce, turmi za ka ji shi da rana. Kai ka san ko Hajiya za ta iya da wannan.

Maman Sadiya:
Dakan rana da sauƙi in dare lafiya ne. Ni da ɗakin baya zan ba Hajiya, a sa mata ƙarfen dafawa a hanyar banɗaki. Kuma a roƙi a sa a cikin kundin nan da Akawu ya faɗa cewa daka a tsakar gida ake yi, ba a sama ba. Tun kafin kowa ya tare ake irin wannan magana, ba wanda zai ji da shi ake.

Baba Magini na Yelwa:
Ɗana, in ya yarda da maganar robar, kada ka bar wa masu tayil su kaɗai, yawancinsu ba su saba da aikin ba. Robar sai ta hau jikin bango kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, a haɗa bakinta da baki a liƙe, kada ruwan siminti ya sami hanyar zuwa dal. Bayan an sa tayil a yanke abin da ya yi saura. Tayil ɗin gindin bango kuma kada ya zauna a kan na ƙasa, a bar siririyar rata a cika da silikon. Wuri ɗaya in siminti ya haɗe, kuɗinka ya tafi a banza. A kuma auna ƙofofin tun yanzu, don daɓen zai ɗaga ƙasa da 'yan santimita, wataƙila sai an rage su. Ranar da za a zuba ka sanar da ni a nan, in ina gari zan zo in tsaya a kansu.

Baban Ihsan:
Na gode Baba, zan sanar da kai in sha Allahu. Gobe zan zauna da shi da jerin nan a rubuce. Akawu, in ya amince, kason da zan riƙe a hannun notar ake ajiye shi ko a wurina?

Akawu a ofishin notar:
Ku nemi a ajiye a hannun notar, a rubuta sharaɗin sakinsa. Shi ma mai sayarwa hankalinsa zai fi kwanciya in ya san kuɗin na nan. Ku kuma rubuta sunan wanda zai duba aikin ya ce ya yi, don kada gardama ta taso a kan wannan daga baya.